Hakkin gumin masu kashe gobarar daji a Amurka: tambayoyi da amsoshi

Duk bazara a kan ga hotunan gobarar daji daga Kalifoniya, Oregon ko Montana, a ga mutane cikin riguna ruwan ɗorawa suna kutsawa cikin hayaƙi. Da yawansu ma'aikatan gwamnatin tarayya ne, kuma an shafe shekaru ana kai ruwa rana a kan albashinsu kafin majalisar dokoki ta yi gyara a watan Maris na 2025. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi yadda ake lissafa kuɗin nan, inda ake tauye ma'aikaci, da abin da gyaran ya taɓa da wanda ya bari.

Su wane ne waɗannan ma'aikata, kuma wa ke biyansu?

Mafi yawansu suna ƙarƙashin Hukumar Gandun Daji, wadda ke cikin Ma'aikatar Noma, kuma takan ɗauki sama da mutum 11,000 a tsakiyar lokacin gobara. Sauran, wasu dubbai, suna Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda ke kula da filayen gwamnati, wuraren shaƙatawa na ƙasa, namun daji da yankunan 'yan asalin ƙasar. Ban da su akwai na jihohi, kamar Cal Fire ta Kalifoniya, da na ƙananan hukumomi, da na kamfanonin kwangila, kowa da tsarin biyansa.

Aikinsu ya sha bamban da na 'yan kwana-kwanan cikin gari. Ruwa ba shi ne babban makaminsu ba. Suna sare itatuwa da zarton inji, su kankare ciyawa da ganye har sai an ga jar ƙasa, su yi layin da wuta ba za ta sami abin ci ba idan ta iso. Kayan aikin da aka fi saninsu da shi sunansa Pulaski, gatari a gefe ɗaya, fartanya a ɗaya gefen. Akwai rukunin da ake kira hotshot, mutum 20 ko ɗan fiye, da ake turawa inda wuta ta fi tsanani. Akwai masu dira da laima daga jirgin sama, aikin da aka fara tun 1940, da masu sauka daga jirgi mai saukar ungulu, da masu motocin ruwa. Kafin a ba mutum katin shiga bakin wuta sai ya ci jarrabawar ƙarfi: ya goya kaya mai nauyin kilo 20, ya yi tafiyar kilomita 4.8 cikin minti 45, kuma duk shekara sai ya sake.

Nawa ake biyansu kafin rigimar ta taso?

Albashin ma'aikatan tarayya yana bin wani jadawali mai suna GS, daga mataki na 1 zuwa na 15. Sabon shiga aikin gobara yakan fara a mataki na 3 ko na 4. A 2021, wanda ke mataki na 3 yana samun dala 13 da 'yan kai a awa. A jihar Kalifoniya a lokacin, mafi ƙarancin albashin da doka ta ɗora wa manyan kamfanoni ya fi haka, wato mai soya dankali a gidan abinci zai iya fin wanda ke bakin wuta albashin awa. A watan Yuni na 2021 Shugaba Joe Biden ya ce ba za a lamunci hakan ba, aka ɗaga mafi ƙaranci zuwa dala 15.

Har sunan aikin ma akwai magana a kansa. A takardun gwamnati ba a rubuta su a matsayin masu kashe gobara ba, an sa su a sahun ƙananan ma'aikatan gandun daji. Sai a 2022 aka ware musu rukunin aiki nasu na kansu.

To me ya sa wasunsu ke tashi da kuɗi mai kauri a ƙarshen shekara?

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, kuma nan ne tushen matsalar. Abin da ke shiga asusun mai kashe gobara kashi-kashi ne. Akwai gundarin albashi na awa 40 a mako. Akwai kuɗin ƙarin awoyi, wanda ga ƙananan ma'aikata ninki ɗaya da rabi ne na kuɗin awa. Akwai alawus ɗin haɗari, kashi 25 cikin 100 na kuɗin awa, wanda ake biya a ranar da mutum ya yi aiki a bakin wutar da ba a shawo kanta ba, kuma idan ya cancanta ana lissafa masa shi a kan dukan awoyin da aka biya shi a ranar.

Mu ɗauki misali da mai dala 20 a awa, don lissafi ya zo da sauƙi. An tura shi gobara kwana 14, yana aikin awa 16 kullum, jimilla awa 224. Awa 80 na farko su ne na gundarin albashi: dala 1,600. Ragowar awa 144 ana biyansu dala 30 kowacce: dala 4,320. Idan kullum a bakin wuta yake, alawus ɗin haɗari dala 5 sau 224 ne: dala 1,120. An tashi da dala 7,040 kenan kafin haraji. Mutumin nan, a mako biyun da babu gobara, dala 1,600 kacal zai gani.

Saboda haka wanda ya yi awa 1,000 na ƙarin lokaci a shekarar da wuta ta yi ɓarna, abin da ba baƙo ba ne ga 'yan hotshot, zai iya tara kuɗin da ya fi gundarin albashinsa. A shekarar da aka sami ruwan sama sosai kuwa, kuɗin haya ma sai ya gagare shi. Ma'aikaci ba ya iya tsara kasafin gidansa, kuma tsarin ya mayar da shi mai dogaro da aukuwar bala'i kafin ya ci abinci. Ya kuma sa mutum ya ɓoye gajiya ko rauni don kada a cire shi daga tafiya ta gaba. Duk wanda ya ɗauko jimillar shekarar da aka yi babbar gobara ya ce ai ana biyansu da kyau, ya bar abin da ya kamata ya duba.

Awa nawa doka ta yarda a yi, kuma ana biyan lokacin barci a sansani?

Ƙa'idar ita ce duk awa biyu na aiki a ba da awa ɗaya na hutu, wato awa 16 aiki, awa 8 hutu. Tafiya ɗaya kwana 14 ce ban da ranakun hanya, ana iya tsawaita ta zuwa 21 idan an cika sharuɗɗa, sannan a ba da hutun kwana biyu ko uku a gida.

Awa 8 ɗin nan ba a biyansu a matsayin aiki. A cikinsu ne mutum zai ci abinci, ya gyara kayansa, ya wanke jiki idan akwai ruwa, ya kwanta a ƙasa cikin ƙaramin tanti, sau da yawa hayaƙi na ratsa sansanin. Ba shi da ikon tafiya gida, ba shi da ikon yin wani abu da lokacin. A nan ne na tarayya suke jin ciwo, domin a gobara ɗaya, a tsauni ɗaya, ma'aikatan hukumomin kashe gobara da dama na Kalifoniya ana biyansu tun daga fitarsu daga tasha har komawarsu, awa 24 a rana. A misalin da ya gabata, idan aka raba dala 7,040 da awa 336 da mutumin ya yi ba ya gida, kowace awa ta tashi a kusan dala 21, kusan daidai da kuɗin awarsa na zaman tasha.

Wane gyara aka yi a 2021, kuma me ya hana ya wadatar?

A watan Nuwamba na 2021 aka sa hannu a babbar dokar gina ababen more rayuwa, aka ware dala miliyan 600 a cikinta don ƙarin albashin masu kashe gobarar daji. Kowa zai sami ƙarin rabin gundarin albashinsa ko dala 20,000 a shekara, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Mai dala 30,000 ya sami ƙarin 15,000, mai 40,000 zuwa sama ya sami 20,000. Kuɗin bai fara shiga hannu ba sai tsakiyar 2022, amma an biya bashin tun daga Oktoban 2021.

Ƙarin yana da aibu biyu. Na farko, ba a sa shi cikin gundarin albashi ba, don haka bai shiga lissafin fansho ba. Na biyu, na wucin gadi ne, kuma an san kuɗin zai ƙare wajen ƙarshen Satumban 2023. Daga nan majalisa ta riƙa tsawaita shi da 'yan makonni ko watanni duk lokacin da ta yi kasafin riƙon ƙwarya. Mai iyali ba zai ci bashin gida a kan kuɗin da bai san ko zai kai wata uku ba. Ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnati a madadin majalisa ya fitar da rahoto a Nuwamban 2022 yana cewa ƙarancin albashi ne aka fi ambata a cikin abubuwan da ke hana samun ma'aikata da riƙe su. Waɗanda ke tafiya kuwa ba sababbi kaɗai ba ne. Shugabannin rukuni ne masu shekara goma ko fiye a daji, waɗanda suka san karanta iska da gangaren tsauni, suke komawa Cal Fire ko hukumomin birane ko kamfanonin lantarki, kuma ba a horas da madadinsu a bazara ɗaya.

Me dokar Maris 2025 ta kawo?

Abu biyu manya. Na farko shi ne jadawalin albashi na musamman, na dindindin, ga masu kashe gobarar daji. An ɗora kaso a kan albashin GS na yau da kullum, kuma kason yana raguwa idan aka hau sama: kashi 42 cikin 100 a mataki na 1, kashi 36 a na 3, kashi 30 a na 5, kashi 24 a na 7, kashi 18 a na 9, har zuwa kashi 1.5 a mataki na 15. Wannan ƙarin ya zama gundarin albashi, don haka kuɗin ƙarin awoyi, alawus ɗin haɗari da fansho duk a kansa ake lissafa su.

Na biyu shi ne alawus ɗin fita gobara. Duk ranar da aka tura ma'aikaci gobarar da ta wuce awa 36 ba a kashe ta ba, ana ba shi ninki huɗu da rabi na kuɗin awarsa, amma kada jimilla ta haura dala 9,000 a shekara. Mai dala 20 zai sami dala 90 a rana, dala 1,260 a tafiyar kwana 14, kuma zai kai iyaka a kwana 100. Wannan shi ne rabin amsar ƙorafin awoyin sansani: an biya awa huɗu da rabi a madadin takwas.

Ba kowa ne ya ga ƙari a aljihunsa ba. Ɗauki wanda ke mataki na 9, a ce gundarin albashinsa dala 55,000 ne. Kashi 18 na wannan dala 9,900 ne, alhali a tsarin wucin gadi yana karɓar 20,000. Giɓin sai ya cike shi da ƙarin awoyi da alawus ɗin fita, idan shekarar ta yi gobara. Ribar da ya samu tana can gaba, a fansho, da kuma kwanciyar hankalin cewa kuɗin ba zai yanke ba. A ganinmu dokar ta gyara ƙasan tsani da kyau, amma ta bar na tsakiya, waɗanda tafiyarsu ta fi cutar da aikin, cikin dogaro da wuta kamar da.

Me ya sa ake ta nanata gundarin albashi?

Saboda fansho. Ma'aikacin dindindin a wannan aiki yana iya yin ritaya yana da shekara 50 idan ya yi shekara 20, ko a kowane shekaru idan ya yi 25, kuma dole ya ajiye aiki a 57. Ana ɗaukar matsakaicin albashinsa na shekaru uku a jere da ya fi samun kuɗi, a ba shi kashi 1.7 cikin 100 na kowace shekara a shekaru 20 na farko, sannan kashi 1 na kowace shekara bayan haka. Shekara 20 ta ba da kashi 34 kenan. Mai matsakaicin dala 50,000 zai sami 17,000 a shekara, mai 60,000 zai sami 20,400. Kuɗin ƙarin awoyin gobara da alawus ɗin haɗari ba sa cikin wannan lissafi. Mutum zai iya shafe shekara 20 rabin abin da yake samu daga ƙarin awoyi yake fitowa, ranar ritaya a yi kamar bai taɓa yinsu ba.

Ina matsayin 'yan wucin gadi?

Kaso mai yawa na masu riƙe Pulaski 'yan wucin gadi ne. Ana ɗaukarsu ne da sharaɗin kada su wuce awa 1,039 na gundarin aiki a shekara, awa ɗaya ƙasa da rabin shekarar aiki. Idan sanyi ya shigo a sallame su, baɗi a sake kiransu. Shekarun da suka yi a haka ba sa shiga lissafin fansho, ko da mutum ya yi bazara takwas kafin ya sami gurbin dindindin. Tun 2012 aka ba su damar shiga inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya, sai dai gudummawar gwamnati tana tsayawa idan an sallame su. Akwai kuma na dindindin masu aikin wani ɓangare na shekara, waɗanda ake ba tabbacin biya 13 ko 18 daga cikin biya 26 na shekara, wato biya ɗaya duk mako biyu.

Bambancin matsayi yakan fito fili ne ranar da aka yi rashi. A ranar 30 ga Yuni 2013, gobarar Yarnell Hill a Arizona ta kashe mutum 19 daga rukunin Granite Mountain, ma'aikatan birnin Prescott. Shida ne kawai a cikinsu aka lissafa a matsayin na dindindin. Iyalan sauran 13 ba su cancanci irin haƙƙoƙin da iyalan shidan suka samu ba, har sai da wasu suka kai ƙara gaban kwamitin fansho.

Idan hayaƙi ya jawo ciwo fa?

Mai kashe gobarar daji ba ya goya tulun iska irin na 'yan kwana-kwanan gari, domin ba zai iya hawan tsauni awa 16 da shi ba. Yana shaƙar hayaƙi da ƙura makonni a jere. A 2022 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin kashe gobara cikin rukuni na farko na abubuwan da ke jawo cutar kansa.

A da, ma'aikacin tarayya da ya kamu sai ya kawo hujjar cewa aiki ne ya jawo masa, abin da kusan ba ya yiwuwa, don ba wanda zai iya nuna wace gobara ce ta shekaru goma baya. A Disamban 2022 aka yi dokar da ta juya nauyin hujjar: idan mutum ya yi aƙalla shekara 5 a aikin, aka gano yana da ɗaya daga cututtukan da aka jera cikin shekara 10 da barinsa, ana ɗauka aikin ne sanadi. A watan ne kuma aka yi wata dokar da ta bar wanda ya ji rauni a bakin aiki ya koma aikin ofis ba tare da ya rasa fanshonsa na musamman ba.

Sauran ma'aikatan gwamnati da ake kira idan wuta ta yi yawa, su ma an ƙara musu?

Akwai masu binciken tsirrai, masu gyaran hanyoyin daji, direbobi da ma'aikatan ofis da suke da katin shiga gobara, kuma idan abin ya ƙazanta su ne ake cike giɓi da su. Sabon jadawalin bai shafe su ba, tunda na waɗanda aikinsu na asali kashe gobara ne. Alawus ɗin fita kuwa ya haɗa da su, matuƙar hukuma ta tabbatar sun cancanci aikin da aka tura su.

Gaskiya ne fursunoni ma suna wannan aiki?

Gaskiya ne, musamman a Kalifoniya. A gobarar Los Angeles ta Janairun 2025 an tura fursunoni wajen 1,000 suna sare layi kafaɗa da kafaɗa da sauran. A lokacin ana biyansu tsakanin dala 5.80 da 10.24 a rana, da ƙarin dala 1 a awa idan suna bakin wuta, ga ragin wa'adin zaman kaso. Cece-kucen da ya biyo baya ya sa jihar ta yi doka a shekarar, ta mayar da kuɗin dala 7.25 a awa yayin da suke kan gobara.

Haka abin yake a Ostareliya?

Can tsarin ya dogara ne sosai da 'yan sa kai. Hukumar kashe gobarar karkara ta jihar New South Wales tana da 'yan sa kai wajen 70,000 da ba a biyansu albashi, sai kuma ma'aikatan gandun daji da wuraren shaƙatawa na jihohi da ake biya. Gobarar 2019 zuwa 2020, wadda ta kashe mutum 33 kai tsaye ta ƙone gidaje sama da 3,000, ta daɗe har 'yan sa kai suka yi watanni ba su je wuraren sana'arsu ba. A Disamban 2019 gwamnatin firaministan ƙasar na lokacin, Scott Morrison, ta ba ma'aikatan tarayya masu sa kai ƙarin hutun mako huɗu da albashi, sannan ta amince a biya masu sana'ar kansu da ma'aikatan ƙananan kamfanoni har dala 300 ta Ostareliya a rana, iyaka 6,000, idan sun wuce kwana 10 a bakin wuta. Diyyar abin da suka rasa ce, ba albashi ba.

A ina kuɗi ke yawan salwanta tsakanin daji da asusun ma'aikaci?

A takardar awoyi. Kowace rana shugaban rukuni yana cike takardar da ke nuna lokacin da kowa ya fara da lokacin da ya tashi, ya sa alama a ranar da ta cancanci alawus ɗin haɗari, jami'in da ke kula da sashen ya sa hannu, a kai wa masu lissafi a sansani. Ranar sallama ana haɗa su a takarda ɗaya a ba ma'aikaci ya kai ofishinsa. Kuskuren da aka fi gani shi ne a manta alamar haɗari a wata rana, ko a cire rabin awar cin abinci alhali mutane a kan layi suka ci suna tsaron wuta, ko a rubuta ranar tafiya ba daidai ba, ko a sa lambar wata gobara a madadin wata. Idan aiki ya wuce awa 16 sai an haɗa da takardar bayanin dalili, in ba haka ba awoyin sukan maƙale.

Manya kuma suna da tasu matsalar: doka ta sa iyaka ga jimillar albashi da alawus ɗin da ma'aikacin tarayya zai karɓa a shekara, kuma shugabannin da ke jagorantar manyan gobara sukan kai iyakar tun kafin lokacin wuta ya ƙare, sai majalisa ta ɗage ta a wasu shekarun. Ga ƙaramin ma'aikaci, abin yi shi ne ya riƙe ɗan littafinsa yana rubuta awoyinsa kullum, ya ɗauki hoton kowace takarda da waya, kuma ya gwada su da takardar sallama kafin ya sa hannu, domin da zarar an tashi sansani masu lissafin sun watse zuwa jihohi daban-daban, gyaran kuskuren dala 80 zai iya cin watanni.